Fiton Zamani

Kiran ya same shi bayan sallar asuba, a shagonsa na ɗinki da ke Nima, cikin birnin Accra. Ƙanwarsa ce daga Yamai, muryarta na rawa: "Yaya, jikin Inna ya yi tsanani. Tana ta tambayar ku."

Su biyu ne a Ghana, shi da ƙaninsa, kuma su biyun take nema. Hanyar mota kwanaki ce, ga iyakar Nijar da Benin a rufe, ga rashin tsaro a ta Burkina Faso. Sai suka haɗa abin da suka tara, ya nufi ofishin masu sayar da tikitin jirgin sama.

Da ma'aikaciyar ta faɗi farashi, sai ya nemi ta maimaita. Ta juyo masa da fuskar kwamfuta ta ce, "Malam, duba nan. Wannan shi ne kuɗin kujera. Waɗannan na ƙasa kuwa haraji ne da kuɗaɗen filin jirgi." Ya ga jerin haruffa bibbiyu, kowanne da adadinsa a gefe. Da a ce kuɗin kujera kaɗai ake biya, da abin da ke aljihunsa ya kai su duka biyu. Da aka ɗora jerin nan, mutum ɗaya kawai ya isa.

Ba duka ne ke shiga aljihu guda ba. Akwai kuɗin hidimar fasinja, wanda masu tafiyar da filin jirgi ke karɓa don ginin da ake jira a cikinsa, da wuta, da na'urar kaya. Akwai kuɗin tsaro, na binciken mutane da jakunkuna. Akwai haraji tsantsa, wanda ke zarcewa baitulmalin gwamnati. Akwai kuma ƙarin da kamfanin jirgi ke saka wa kansa, galibi da sunan tsadar mai, ƙarƙashin haruffan YQ. A da, a filayen jirgi da yawa, matafiyi kan tsaya gaban taga ya biya da hannunsa. Yanzu an cusa su cikin tikiti, kamfani ya karɓa ya miƙa wa masu shi, kuma kowace ƙasa da aka tashi daga cikinta tana da nata rabon.

Yana tsaye a nan ya tuna kakansa, wanda ya yi fataucin goro a hanyar Gwanja. Tsohon kan ba da labarin yadda ayari ke tsayawa a bakin Kwara a biya fito, da yadda kowane sarki a hanya ke karɓar nasa. Amma ayari yana da madugu, mai zama da sarki a yi ciniki har a sami rangwame. Shi kuwa jikan ba shi da wanda zai roƙa. Ma'aikaciyar ta tausaya masa, sai dai ba ita ta yanka kuɗin ba.

Bai ce a daina biya ba. Ya san filin jirgin Yamai da aka sabunta a 2019, gabanin taron Tarayyar Afirka, ba da yawun baki aka gina shi ba. Akwai ma harajin da Faransa ta fara ɗorawa kan tikiti a 2006, Nijar na cikin ƙasashen da suka bi sahu, don a sayi maganin ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, mai yanka harajin yana kallon fasinja a matsayin mai hali, alhali cikin masu layi akwai tela da ke gudun kada a binne uwarsa ba ya nan.

Shugabanni sun san da wannan. Tun 1979 ƙungiyar CEDEAO ta amince ɗan yankin ya ƙetare iyaka ba tare da biza ba. A taronsu na Abuja, a Disamba 2024, sun yanke shawarar soke harajin tikiti da rage kashi 25 cikin ɗari na kuɗin fasinja da na tsaro daga farkon 2026. Sai dai a Janairu 2025 ficewar Nijar daga ƙungiyar ta tabbata.

Da daddare ƴan'uwan biyu suka zauna. Ƙanin ne ya fara magana: "Yaya, kai ne babba. Ka tafi, ka ce mata ina nan tafe."

Ya sauka Yamai ta hanyar Lome, ya tarar da ita da sauran numfashi. Ta kama hannunsa ta daɗe ba ta saki ba, sannan ta ɗaga kai ta dubi ƙofa.

"Ina ƙaninka?"

Takardar tikitin na ninke a aljihunsa, da jerin haruffanta. Ya ce, "Yana nan tafe, Inna."