Milimita biyu da suka tsaga mini ƙafar tebur

A dogon hutun da ya gabata na ɗaura aniyar ƙera teburin rubutu da hannuna. Katakon maɗaci ne da marigayi mahaifina ya ajiye shekaru da dama, Allah bai nufa ya ga an yi komai da shi ba. Duk abin da ya lalace a cikinsa ba shi da madadi.

Na ƙi amfani da ƙusa. Na zaɓi irin haɗin da ake fafe rami a jikin kowane ɗaya daga katakai biyu, a shafa gam, a cusa wani ɗan gutsuren katako mai kama da harshe, rabinsa nan rabinsa can, sannan a matse. Kamfanin Festool na ƙasar Jamus yana sayar da na'ura mai suna Domino wadda ke fafe ramin, tare da harsunan a cikin fakiti, kowanne da girmansa a rubuce: 5 x 30, 8 x 40, 10 x 50. Lambar farko kauri ce, ta biyu tsawo, duka a milimita. Na'urar ta fi ƙarfin albashin malamin jami'a, saboda haka na ɗauki lambobin kawai. Na fafe ramuka masu zurfin milimita 25 a kowane ɓangare, na yanka harsuna masu tsawon 50 cif. Lissafi ya fita, har ina yaba wa kaina.

Da na shafa gam na haɗa, sai katakan suka ƙi rufewa. Wani siririn giɓi ya tsaya a tsakaninsu, ga gam yana ta bushewa. Hankalina ya tashi, na ɗauki guduma. A bugu na uku na ji ƙafar teburin ta tsage.

Washegari na kai wa wani dattijon kafinta a unguwarmu. Ya juya ƙafar, ya leƙa ramin, ya ce, "Dakta, shi gam ɗin ina ka ba shi wurin zama?" Na ce, "Baba, ai na auna." Ya ce awon ne ya cuce ni. Harshen ya cika ramin har ƙasa, gam da iska suka rasa mafita, suka tura katakon ta inda ya fi rauni. Shi kuwa, in ji shi, kullum yakan rage tsawon kaɗan, kuma bai taɓa tambayar kansa ko nawa yake ragewa ba.

Daga baya na sami harshen Domino na ainihi, mai lamba 10 x 50, na auna. Tsawonsa milimita 48 ne. Ashe hamsin ɗin da ke jikin fakiti zurfin ramuka biyun take nufi, an kuma bar milimita biyu da gangan domin gam. Abin da injiniyoyin Jamus suka tsara, shi Baba ke yi da ido.

Da farko na ji kamar an yaudare ni, domin mun saba da ragin awo a kasuwa. Amma ba ɗaya ba ne. A Amurka, katakon da ake kira tu-bai-fo inci ɗaya da rabi ne a kauri, uku da rabi a faɗi, bayan an busar da shi an goge. Kowane magini ya san haka, da shi yake lissafi. A kasuwannin katakonmu sunan bai canja ba, sai dai jikin katakon na ramewa duk lokacin da farashi ya hau, kuma mai saye ba ya sanin nawa aka rage sai ya zo da tef ɗinsa. Wancan ragin ƙa'ida ce, wannan kuwa tauye mudu ne.

Baba ya ɗura gam a tsagar, ya ɗaure ƙafar da igiyar roba kwana biyu, ya rage mini sauran harsunan da zarto. A kan teburin nake rubuta wannan, kuma ƙafar da ta tsage ita na juya wajen bango.