Kalamin: Kwalbar Da Ke Sanyaya Fata, Ba Ta Warkar Da Cuta

Duk wanda ya san hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ya san cewa da zarar bazara ta kama, daga watan Maris zuwa Mayu, ƙurajen zafi da ƙarambau sukan addabi yara. A irin wannan lokaci ne kasuwar kalamin ke buɗewa, wannan ruwan magani mai launin hoda da ake shafa wa fata. Ina yawan bin iyakar Magama, kuma na lura kusan babu kemis ko tiren mai talla da ba za ka same shi ba, wani da rubutun Turanci, wani da na Faransanci.

Ba ni da ja a kan amfaninsa. Sinadarin zinc oxide ne tushensa, da ɗan ferric oxide wanda ke ba shi launi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin jerin muhimman magunguna. Yana sanyaya fata, ya rage ƙaiƙayi, ya busar da ƙurji. Iyakar aikinsa ke nan. Damuwata ita ce yadda muke ɗora masa nauyin da ba nasa ba.

Na ga uwa a tashar mota ta shafe ɗanta fari fat, alhali jikinsa zafi rau, idanunsa ja, yana tari. Waɗannan alamun ƙyanda ne, cutar da kan kai ga ciwon huhu ko makanta, wadda ake yi wa yaro rigakafinta tun yana wata 9. Kalamin ba ya taɓa ƙwayar cutar. Sai dai ya lulluɓe ƙurajen, har ya wahalar da ma'aikacin asibiti wajen gane su. Haka ma ƙazuwa: za a ji sauƙin susa na ɗan lokaci, amma ƙwaron yana nan cikin fata, yana bin 'yan gida ɗaya bayan ɗaya.

Ƙa'idojin amfani da shi kuwa ba su da wuya. A girgiza kwalbar sosai, domin garin yakan kwanta a ƙasa. A wanke wurin, a tsane, a shafa da auduga mai tsabta, a bar shi ya bushe. Kada ya kusanci ido, baki, hanci ko al'aura, kada a sa shi a buɗaɗɗen ciwo ko ƙuna, kuma ba a shan sa ko kaɗan. A ɗaga shi inda hannun yaro ba zai kai ba. Kada a cakuɗa shi da man shafawa masu clobetasol ko betamethasone, waɗanda ke sirantar da fata. Yaro mai ƙarambau kuma kada a haɗa masa da asfirin. Idan kwana 7 suka wuce babu sauƙi, ko ƙurji ya fara ruwa, ko zazzaɓi ya shigo, asibiti ne mafita.

A garin iyaka, inda kaya ke shigowa ta kowace fuska, wajibi ne mai saye ya duba ranar ƙarewar aiki da lambar rajistar NAFDAC, ya kuma guji kwalbar da ta wuni a rana ko wadda aka ɗura ba takarda. Ina kira ga masu kemis na Jibiya da su tambayi uwa abin da ke damun ɗanta kafin su miƙa mata kwalba, su kuma tura ta asibiti idan ya kamata. Ribar kwalba ɗaya ba ta kai idon yaro ba.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.