Zanen Mussoshin Abokaina

 Yau zancen mussa na kawo muku. Wasu na ce mata kyanwa, wasu mage. Mu nan wajen Maradi mussa muke cewa, namijin kuwa muzuru.

Ni malamin makarantar manya ne. In na tashi aiki, abin da nike yi don hutawa shi ne zanen mussoshin abokaina. Nikan tafi gidan mutum, in zamna, in dubi mussarshi, in zana ta bisa kwali, in sa launi, in ba shi. Ba ni karɓar ko dala. Wasu na dariya, suna cewa mushe ya rasa aikin yi. Ga yadda abin yake.

Can makarantar horon malamai anka koya mini zane. Malami dole shi iya zana rago ko tulu bisa babban allo, don ɗalibi shi ga abu kamin shi ga sunanshi. Wani dare na zana mussa da alli kusa ga baƙin "m". Bayan an tashi, sai wani tela cikin ɗalibaina ya tsaya. Ya ce: "Mushe, wagga mussar kowa ce. Kana iya yi mini tawa?"

Na ce: "Ai mussa mussa ce."

Ya ce: "Haba mushe! Kai ɗiyanka da na maƙwabta ɗaya ne? Taho ka gani."

Na tafi na gani. Muzuru ne ja, mai ƙaton kai. Kunnenshi na hagu a tsage, ya samu wajen faɗa. Kullum shina kwance bisa tulin ƙyallaye ƙarƙashin keken ɗinki. Tela na ce mishi Sarkin Ƙyalle. Kwana 3 ina zuwa kamin in gama. Da na kai hoton, tela bai dubi komi ba sai kunnen. Ya ga tsagar na nan, sai ya yi dariya ya ce: "Shi ne, wallahi shi ne!" Ya kafa kwalin ga bango. Duk wanda ya kawo ɗinki ya gani, sai shi ce shi ma a yi mishi.

Kayan aikina ba su da wuyar samu. Kwalin sukari ko na shayi nike yankawa, in shafe shi da farar ƙasa. Ja kuwa daga jar ƙasa nike samun shi. In jiƙa ta, in tace da ƙyalle, in bari ta kwanta, in tsiyaye ruwan sama, in shanya laushin. Baƙi, gawayi ne da anka niƙa lilis. Rawaya, gangamau. Shuɗi, shunin marina. Kowane sai an dama shi da ruwan ƙaro, kamar yadda almajirai ke haɗa tawada, in ba haka ba launin shina kakkaɓewa in ya bushe. In na haɗa baƙi da fari, in samu ruwan toka. In na haɗa shuni da gangamau, in samu tsanwa don idanu. Burushina gashin akuya ne ɗaure ga tsinke. Gashin baki kuwa da bakin gashin zabo nike ja shi, don shina da tsini. Fentin kanti ya fi haske, amma mussoshinmu launin ƙasarmu gare su, don haka ƙasa ta fi dacewa da su.

Wahalar aikin ba ga hannu take ba, ga ido take. Mussa ba ta zamna maka kamar mai jiran hoton katin ɗan ƙasa. Sa'arka ɗaya, tana da barci. Cikin kwana guda takan yi awa 12 ko fiye tana barci. Da rana tsaka nike zana jikinta. In la'asar ta yi ta farka, in zana fuska.

Na girma tare da mussa, amma sai da na fara zane na san ta. Ku ƙirga yatsunta ku gani. Ƙafar gaba 5, ƙafar baya 4. In tana tafiya akaifunta a ɓoye suke, shi ya sa sawunta ba shi nuna akaifa kamar na kare. Kuma ƙafar baya takan sauka daidai inda ta gaba ta tashi. Ku dubi idonta. Cikin rana baƙin idon shina tsukewa kamar tsagar wuƙa. Cikin duhu shi buɗe kamar kwabo. Hasken da kuke gani ga idonta da dare, in kun haska tocila, hasken tocilarku ne. Akwai wani abu kamar madubi can bayan idon, shi ke maido shi. Kunnenta da wutsiyarta su ke faɗin abin da ke ranta. Kunne gaba, tana sauraro. Kunne kwance baya, ka janye hannunka. Wutsiya tsaye, gaisuwa ce.

Akwai wata mai saida hatsi da tuwo bakin kasuwarmu. Mussarta launi 3 gare ta: fari da baƙi da ja. Ta ce mini: "Malam, tun kakata ake cewa irin wagga ba ta zuwa namiji." Gaskiyarta. Masana sun bincika. Abin da ke ɗauke da gadon ja ko baƙi cikin jiki, macen tana da shi 2, namijin 1. Don haka mace ce ke iya haɗa ja da baƙi tare. Da wuya ƙwarai a samu muzuru mai launi 3. Matar ga ta ce in zana mussar bisa buhun gero, don nan ne wurin aikinta. Ta ce kamin ta samu ta, kusa sun hana ta sakat, suna huda buhu, suna ɓata abin da ba su ci ba. Na zana ta bisa buhu, da ɗiyanta 4 da ta haifa bayan cikin wata 2 da ƴan kwanaki.

Kada ku zaci ni na fara wagga sana'a. Zaman mutum da mussa ya daɗe. Cikin 2004 masu tonon tarihi sunka ba da labarin wani kabari ga tsibirin Kuburus. Shekararshi wajen 9,500. Mutum ne ciki, ga mussa kusa gare shi. Asalin mussar gida kuwa mussar daji ce, irin wadda har yanzu ake gani cikin dajinmu. Hatsi ya kira kusu, kusu ya kira mussa, mussa ta zamna.

Ƙasar Masar, wani ma'aikaci mai suna Nebamun ya rayu shekara fiye da 3,300 da sunka wuce. Ga bangon kabarinshi an zana shi cikin jirgin ruwa shina farautar tsuntsaye. Ga mussa ja mai zane-zane gabanshi, ta kama tsuntsu 3, guda ga baki, 2 ga ƙafafu. Yau zanen na cikin babban gidan kayan tarihi na birnin Landan. Mai zanen da ƙasa da ƙaro ya yi aiki, kusan irin nawa.

Ingila kuma an yi wani mai zane, Luwis Wen. An haife shi cikin 1860, ya rasu cikin 1939. Matarshi ta kwanta ciwo mai tsanani. Suna da ɗan mussa mai baƙi da fari, Pita. Sai mijin shi zamna bakin gado shina zana Pita, don matar ta yi murmushi. Ta rasu cikin 1887. Shi kuwa ya ci gaba da zanen mussa har ƙarshen ranshi, har Ingila duka ta san shi. Mu ma nan Nijar muna da gado. Can Dabus, arewa ga Agadas, mutanen dā sun sassaƙa raƙuman dawa bisa dutse. Babban ya fi mita 5, kuma ya shekara dubbai.

Ba kowa ke son aikin ga ba. Wani abokina malamin allo ne. Shina son mussarshi ƙwarai. Shi ya gaya mini ma'anar sunan sahabi Abu Huraira, wato mai ƴar mussa. Amma ya ce: "Mushe, ka yi mini aikin gafara. Ni ba ni rataya surar mai rai ɗakina." Ban yi mishi gardama ba, don ɗakinshi ne. Na zana mishi rumbunshi, da kaskon ruwan da ke gindin rumbun, da sawu 6 bisa rairayi. Ya duba ya ce: "Ta sha ruwa ta wuce." Ya karɓa.

Samari kuma suna cewa: "Mushe, mi ya kai ka wahala? Ga waya, ƙyas ɗaya ka gama." Gaskiya ne waya ta fi ni sauri. Amma ni kwana 3 ko 4 nike yi gidan mutum. Ina zane, shina ba ni labari. Daga zancen mussa sai a kai ga zancen bashi, da rashin lafiyar uwargida, da ɗan da ya tafi bai aiko ba. Akwai abokan da munka shekara 10 tare, ban san damuwarsu ba sai bisa tabarmar zane.

Wanda ya fi tsaya mini ga rai shi ne na wata tsohuwa, can ƙarshen gari. Mijinta ya rasu. Ɗiyanta maza 2 sun tafi ci-rani, guda Abijan, guda Libiya. Ba kowa gidan sai ita da baƙar mussa. Kun san halinmu. Tsohuwa ita kaɗai, ga baƙar mussa, sai raɗe-raɗi. Wasu sunka ce ba mussa ba ce, aljana ce. Wasu sunka fara hana ɗiyansu bin ƙofar gidan. Yara kuwa in sun ga mussar bisa darni sai jifa.

Wata rana ta tare ni bakin rijiya. Ta ce: "Ɗana, an ce kana yin hoton mussa. Har baƙa kana yi?"

Na ce: "Inna, har baƙa."

Ta ce: "To, ba ka tsoro?"

Na ce: "Gobe da hantsi ina nan tafe."

Baƙar mussa ta fi kowace wuyar zane. In ka shafa baƙi kaɗai, sai ka samu tabon tawada mai idanu. Sai da na zamna na duba da kyau. Inda rana ta bugi bayanta, shuɗi ne kamar rini mai ƙwalli. Gefen ciki kuwa ja-ja ne, kamar tsohuwar riga da rana ta ci. Ga farin gashi ƙwara kaɗan ƙarƙashin wuya. Inna ta ce tun tana ƙarama suke nan. Ta tsince ta ne cikin kango da damana, idonta bai buɗe ba. Da tsumma ta riƙa ɗiga mata nonon akuya.

Ranar farko yara 3 sunka leƙo ta kan darni. Rana ta biyu sunka zama 8. Na ce su shigo su riƙa mini ƙoƙunan launi. Sunka shigo da ɗari-ɗari. Na ce ma wani yaro shi ƙirga mini yatsun mussar. Shi ne babban mai jifarta. Ya matsa, hannunshi na rawa. Mussa ta shinshini hannun, ta goga kanta gare shi, ta koma barci. Inna ta tashi ta kawo musu gyaɗa. Ranar ƙarshe, yaran da kansu sunka ɗauki kwalin sunka zagaya unguwa da shi, suna nuna ma mutane.

Ba zan ce muku raɗe-raɗin manya ya mutu ba. Har yanzu akwai masu kauda kai in sun gamu da ita. Amma jifa ta ƙare. Yaran nan su ke ɗebo mata ruwa yanzu, kuma uwayen 2 daga cikinsu sun fara aiko mata da tuwo.

Da bazarar da ta biyo, mussar ta mutu. Tsufa ne. Inna ta aiko a kira ni. Na iske ta jingina kwalin cikin jeren kwanoninta, wurin da ta fi darajantawa ga ɗakin. Ta ce: "Ɗana, ka rubuta mini sunanta nan ƙasa." Sunan Abokiya. Na rubuta da manyan baƙaƙe. Inna ba ta karatu, amma ta aza yatsa bisa rubutun ta bi shi daga farko har ƙarshe. Ta ce in ɗauki hoton kwalin da waya in aika ma ɗanta na Abijan, shi ga wadda ta zamna da ita shekarun da ba shi nan. Na aika. Bayan kwana 2 ya kira ta, sunka daɗe suna magana.

To, ƴan'uwa, wanda ke so shi gwada, ga shawarata. Ka fara da gawayi bisa ƙasa ko bisa kwali. Ka jira mussa ta yi barci. Ka yi ƙwallo babba don jiki, ƙarami don kai, kusurwa 2 don kunnuwa. Bayan nan ka nemi abin da ya raba ta da sauran: tsagar kunne, karyayyar wutsiya, tabo ga hanci. Shi mai ita zai fara nema. Kada ka ɗaure ta, kada ka matsa mata. In ta tashi ta tafi, ka koma gobe. Na farko ba shi yin kyau, na biyar shina kama da mussa, na ashirin shina kama da taka. In ɗanka ya ɗauki gawayi shina zane ga bango, ka ba shi kwali maimakon bulala.

In akwai mai baƙar mussa ko mai launi 3 garinku, shi rubuto shi ba mu labarinta. Allah shi kai mu wata mai zuwa lafiya. Ku huta lafiya.