Tsuntsayen da mu ka kora a bakin Dam ɗin Tomas

Jama'a, a wannan watan ku yi mani uzuri, ba sharhin fim zan yi ba, ko da yake a lokeshin abin ya faro.

Wata rana da hunturu na bi wasu 'yan fim bakin Dam ɗin Tomas, can wajen Dambatta, za su ɗauki waƙa. Darakta ya hango tsuntsaye masu dogayen ƙafafu su na kiwo a taɓo, sai ya sa yara su jefe su, wai tashin su zai ƙawata hoton. Ya kuwa ƙawata. Ni da kaina na yabi wannan sin a rubuce.

Da na isa ƙauyen mu na ba ƙanena labari ina dariya, shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaya, ka san daga ina su ka zo?" Ashe akwai wanda Turawa ke kira ruff a cikin su, ya na ƙyanƙyasa a arewacin Turai da Saiberiya, ya ƙetare Sahara ya zo cin rani fadamun mu, musamman dausayin Haɗeja da Nguru. Mu shamuwa kaɗai mu ka sani da tafiye-tafiye, don ita ke mana albishir da damina. Tun da aka gina Dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika dausayin ta ragu, kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. A nan wajen mu, inda gona ke manne da gona, bakin dam ne kusan iyakar wurin da ya rage masu. Duk tashin da aka sa su yi, ƙarfin komawa gida ake rage masu.

Yaron nan shekara biyu ya yi ya na ƙirga su da tabarau na aro, kan babur ɗin Baffa. A 2022 aka karɓi takardar sa a taron masana tsuntsaye na Afrika da aka yi a Victoria Falls, ƙasar Zimbabuwe. Kuɗin jirgi kuwa ko amfanin gonar mu na shekara aka sayar ba zai kai ba. Baffa ya ce, "Kai yanzu don tsuntsu za ka hau jirgin sama?" Ni ma, gaskiya, ban ƙarfafa masa gwiwa ba.

Wata ƙungiya mai tallafa wa matasan manazarta ce ta biya tikiti da masauki. Fasfo ya rage. Na sayar da wayata na cika masa, wataƙila don kunyar waccan dariyar.

Abin da ya dawo da shi ya ba ni mamaki. Minti goma sha biyar kacal ya yi magana, amma a wurin shan shayi ya haɗu da 'yan cibiyar APLORI ta Jos, waɗanda ga su nan kusa amma bai taɓa samun hanyar kai wa gare su ba. Su su ka gyara masa tsarin ƙirgen sa, su ka nuna masa inda zai riƙa tura alƙaluman. Mu 'yan industiri mun san haka: sau nawa furodusa ke samun mai zuba jari a ƙofar zauren biki?

Yanzu duk Janairu ya na fita ƙidayar tsuntsayen ruwa da yara biyu na ƙauyen mu. Kaset ɗin waƙar kuwa ya roƙe ni na nemo masa, wai zai tsayar da hoton ya ƙirga waɗanda su ka tashi.