ZARE: Na shirya zaga gandun dajin Najeriya takwas, yau saura biyu

1/ Jama'a, zaren nan dogo ne, ku yi haƙuri. Wata uku ke nan ina shirin tafiya in ga namun dajin ƙasar nan da idona. Da wurare takwas na fara lissafi, yau saura biyu, kuma har yanzu Baba bai ce "je ka" ba 🧵

2/ Asalin abin, hutun da ya wuce na bar Kazaure na je ƙauyenmu a Roni gaida kakana. Muna zaune da daddare sai ƙanena ɗan aji huɗu ya ce, "Yaya, wai kura da gaske akwai ta, ko irin su Gizo da Ƙoƙi ce?"

3/ Na yi dariya har da riƙe ciki. Can kuma sai dariyar ta tsaya. Ni ɗin da nake jami'a, sau biyu na taɓa ganin kura: ɗaya a hannun gardawa ranar kasuwa, da takunkumi a baki, ɗaya a gidan zu na Kano tana kwance kamar mara lafiya.

4/ Baba Tsoho ya ce, "Kai ɗan boko, ƙyale yaro. Muna samari a duwatsun nan take kwana. In magariba ta yi ba ka ɗaure akuya a ɗaki ba, da safe sai dai igiya." Ya lissafo barewa, gada, dila, zabin daji. Yanzu ko zomo sai an sha wuya.

5/ Ba wani sirri a ciki. Gona ta cinye daji, gatari ya bi sauran saboda itace da gawayi, 'yan farauta suka ƙarasa. Kullum muna cewa giwa a garin wani zomo ce, alhali yawancinmu ba mu taɓa ganin giwar ba.

6/ Da na ce zan je in gano su, tsohon ya yi shiru, sannan ya ce, "In za ka inda giwa take, ka tafi da ni. Na yi fatauci a ƙafa har Babura, na tsallaka Nijar, amma ban taɓa ganinta ba." Idonsa ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan ma sai a hankali.

7/ Na koma makaranta na buɗe taswira. Tsoffin gandun daji na tarayya bakwai ne: Kainji, Kamuku, Gashaka-Gumti, Tafkin Chadi, Old Oyo, Okomu da Kuros Riba. Na ƙara Yankari ta takwas, wadda ta koma hannun jihar Bauchi a 2006. A takarda abin gwanin sha'awa.

8/ Na fara soke na kudu guda uku. Kuɗin motar Kuros Riba kaɗai zai cinye adashin da na yi shekara ina zubawa daga ɗinkin hula da gyaran waya a hostel. Gorilar can ta yi haƙuri sai na fara aiki 😅

9/ Kamuku a Birnin Gwari take. Ba sai na yi bayani ba, kowa ya san abin da 'yan bindiga suka mai da dazukan yankin. Kainji ma labarin masu ɗauke da makamai ya yi yawa. Ɓangaren Borno na gandun Tafkin Chadi kuwa ko a gida ban ambata ba.

10/ Wadda ta fi yi min ciwo Gashaka-Gumti ce, tsakanin Taraba da Adamawa. Ita ce mafi girma a ƙasar nan. Can Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419. Amma sai ka kai Jalingo, ka wuce Serti, sannan a fara takawa a ƙafa. Tsoho ba zai iya ba.

11/ To saura biyu. Ta farko a jiharmu take, abin kunya sai bana na sani: dausayin Baturiya a ƙaramar hukumar Kirikasamma, ɓangare na dausayin Haɗejiya zuwa Nguru. Lokacin sanyi tsuntsaye na tasowa tun daga Turai, su tsallake Sahara, su sauka a nan.

12/ Ku duba fa. Tsuntsu ya baro Turai ya gano Jigawa, ni ɗan Kazaure ban gano ba. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da sabbin gandun daji goma, har da wannan dausayin da dajin Falgore na Kano.

13/ Ta biyu Yankari. An keɓe ta a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 2,200. Akwai giwa, ɓauna, gwanki, dorina, da gwaggon biri masu kwashe wa mutane abinci. Ga ruwan Wikki mai ɗumi, wajen digiri 31 rani da damina.

14/ Abin da na koya: kar ka je da damina. Ciyawa ta yi tsawo, ruwa ko'ina, dabbobi sun watsu. Da rani, musamman Fabrairu da Maris, ƙishi ke tara su a bakin kogin Gaji. Kuma fitar sassafe ko ta yamma ake yi, da rana duk suna inuwa.

15/ Tsarina: Baturiya ni kaɗai a Janairu, kwana ɗaya. Yankari bayan jarabawa, mu uku. Sammako daga Kazaure zuwa Kano, mu kama motar Bauchi, mu kwana wajen ɗan ajinmu. Washegari mu bi ta Dindima zuwa ƙofar Mainamaji. Ba tafiyar dare ko ɗaya.

16/ Na kai wa Baba tsarin a rubuce. Ya karanta har ƙarshe, ya ce, "Ka ɗauki tsoho mai shekara tamanin da yaro ƙarami ka shiga daji da su a wannan zamanin? In wani abu ya faru me zan ce wa 'yan'uwana?" Wallahi ban da amsa, don gaskiya ya faɗa.

17/ Ga kuma abin da na ɓoye wa Baba Tsoho da farko: ba a yi wa kowa alƙawarin giwa. Waɗanda suka rage a duk Najeriya 'yan ɗaruruwa ne. Mutum na iya kwana biyu a Yankari ya dawo da hoton birrai kawai.

18/ Jiya na kira shi na faɗa masa. Ya ce, "Ko sawunta ne ka nuna min, in sa ƙafata a ciki. Shi kuma yaron nan ya ga daji tun akwai shi." Sannan ya ce in ba babana wayar. Sun fi minti ashirin, ban ji me suka ce ba.

19/ Da safe Baba ya ce min, "Ka nemo wanda ya bi hanyar nan kwanan nan, in ji daga bakinsa." Shi ya sa na yi zaren. In ka je Yankari a watannin nan, ko kai ɗan Alƙaleri ne, don Allah ka yi min magana: ya hanya, ya masauki, ina aka fi ganin giwa? Ku taya ni yaɗawa 🙏