Autarmu tana Kigali, ita kaɗai

Ranar Asabar a wajen wani suna, wata gwaggonmu ta jawo ni gefe ta ce, "Wai har yanzu yarinyar nan tana can? Ba miji, ba kowa?" Na ce tana can, Gwaggo. Ta ja tsaki ta ce mu muka sakar mata. Na yi murmushi na wuce wajen rabon abinci. Tun ranar shirun nan da na yi yake cina, shi ya sa yau na ce bari in faɗi abin da ban iya faɗa mata ba.

Ƙanwata ce, autar gidanmu. Shekarunta 34, aurenta ya mutu, babu haihuwa. Tana yi wa wani kamfani na Turai aikin tantance bayanai ta intanet, ana biyanta da dala. Da a nan Kaduna take yi, a ɗakin Hajiyarmu. Kun dai tuna watan Maris na 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke. Sai kuma Oktoba, layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace, Arewa ta yi sama da mako a duhu, ga litar fetur ta haura naira 1,000. Da idona na ga yarinyar nan ta ɗauki kwamfuta tana bin gidajen masu sola tana roƙon caji, don kada taron ƙarfe uku ya wuce ta. Sau biyu aka yi mata gargaɗi a rubuce. Mutanen can ba ruwansu da an ɗauke wuta, aiki kawai suka sani.

Da ta ce za ta koma Ruwanda, ni ce na fi kowa tayar da jijiyar wuya. Na ce Abuja ba ta ishe ki ba? Ta lissafa min kuɗin haya a Abuja, na shekara guda a dunƙule, da janareta da mai. Ta ce a Kigali wata-wata ake biya, wuta ba ta cika ɗaukewa ba, kuma ɗan Afirka ana ba shi kwana 30 kyauta a filin jirgi kafin ya nemi takardar zama. Na rasa abin cewa sai na koma kan "me mutane za su ce". Ta ce, "Yaya, mutanen nan da na dawo daga gidan miji da akwati ɗaya, wa ya tambaye ni ko na ci abinci?" Hajiya ce ta raba gardamar. Ta sa aka tambayo malamin da take yarda da shi, ta kwana biyu tana istihara, sannan ta sa mata albarka. Maganar muharrami ban raina ta ba, kuma ba ni da ilimin yanke hukunci a kai. Na bar wa masu shi.

Yanzu ga inda nake jin kunya. Shekara 19 ina aikin gwamnati, ina da digiri, amma albashina ba ya kai ni 20 ga wata. Tun da aka saki naira a 2023 maganin hawan jini da na sukarin Hajiya suka fi ƙarfina. Auta ke saye. Ita ta sa sola a gida. Kuɗin jarrabawar ɗana na fari, ita. Kuma cikin masu cewa mun sakar mata akwai waɗanda ta biya wa kuɗin asibiti ta hannuna. Dalarta halal ce idan ta iso, zamanta ne abin kunya. Ni ma da nake wannan rubutu na karɓa na yi godiya, aka taɓa mutuncinta a gabana na yi murmushi.

Kada kuma wata ta karanta wannan ta ɗauka hutu take yi. Hotunan da take sakawa na tsaunuka da tituna tsaf, gaskiya ne, garin ko leda an hana. Amma wuni take a ɗaki ɗaya ita da kwamfuta. Akwai ranar da ta ce min tun safe ba ta buɗe baki ta yi magana da ɗan Adam ba sai da na kira. Da ta je, ba a kiran asuba da lasifika, waya ke tashinta. Ranar Juma'a takan hau babur zuwa Nyamirambo, unguwar da Musulmi suka fi yawa, wai don ta ji ana sallama ana amsawa. Kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya sai mun samu mai tafiya. Aikin kansa kwantiragi ne, ba fansho, ba giratuti. Ranar da suka ga dama, saƙo ɗaya ne. Ni da take taimaka wa, ta wannan fannin na fi ta kwanciyar hankali.

Abin da ya fi tsorata ni kuwa ko sau ɗaya ban ji masu surutu sun ambace shi ba. Wani dare wajen ƙarfe ɗaya namu, biyu nasu, ta kira ni muryarta na rawa. Zazzaɓi da amai, ta kasa tashi ta buɗe ƙofa. Ina zaune a bakin gado a Kaduna, na duba wayata kaf, ba ni da lambar mutum ko ɗaya a ƙasar. Wallahi ban taɓa jin na zama banza irin daren nan ba. Ina ta ce mata ki ja jiki, ki buga bango. Matar da ta ba ta haya, wata dattijuwa Kirista da ko yaren juna ba sa ji sosai, ita ta ji bugun, ta zo da makullinta, ta kai ta asibiti, ta kwana a kan kujera. Hajiya ba ta san wannan labari ba sai bayan sati biyu.

Washegari na sa ta turo min lambar dattijuwar, da ta wata 'yar Najeriya da suke haɗuwa a masallaci, da hoton fasfonta da takardar inshorar lafiya. Muka yi ƙa'ida, kullum bayan isha'i sai ta turo ko da kalma ɗaya ce. In ta kai goma ban gani ba, kiran dattijuwa zan yi. Duk mai 'ya ko ƙanwa a waje, don Allah ku yi wannan tun kafin ku buƙace shi.

Ina so ta dawo, ba zan ɓoye ba. Ina so ta sake aure in ta samu na kirki, ita ma tana so. Amma in na ce ta dawo yau, sai in faɗa mata wutar da za ta yi aiki da ita, da wanda zai sayi maganin Hajiya a ƙarshen wata, kuma ba ni da amsar ko ɗaya.

Jiya da yamma Gwaggo ta kira ni. Jikanta ya samu gurbin karatu, ana neman kuɗin rajista, ko zan yi wa Auta magana. Na ce to, Gwaggo, ga lambarta, ki kira ta da kanki, ki fara tambayarta ya jiki.