Farin Hayaƙi a Salansar Fijon Babanmu

A Kadunar ƙarshen shekarun 1990, duk motar da ta yi tari, mai ake fara zargi. Lokacin wahalar fetur ne, motoci na kwana a layi, 'yan bumburutu sun jera galan a bakin titin Ali Akilu tun daga Kawo har Unguwar Sarki, wasunsu ba sa tsoron Allah wajen gauraya shi da kananzir. Don haka da Peugeot 504 ta mahaifinmu, haɗin Kakuri, ta fara karkarwa da safe tana fitar da farin hayaƙi, mutanen gida suka ce man ne. Maƙwabta suka ce hunturu ne, ai kowace mota tana tururi da sanyin asuba.

Gaskiya ne tana yi, amma tururin sanyi yana ɗaukewa da zarar inji ya yi ɗumi. Namu har azahar yana nan, kuma kullum sai an ƙara ruwa a lagireto, alhali ko ɗigo babu a ƙarƙashin motar.

Bakaniken farko ko murfin inji bai ɗaga sosai ba ya yanke hukunci: ringi ya mutu, a sauke inji. Mahaifina bai musa masa ba, ya dai ce in shiga mu tafi Kurmin Mashi wurin wani dattijo da ya tsufa a kan Fijo.

Har yau ina ganin yadda dattijon nan ya yi aikinsa. Bai taɓa sifana ba sai da ya zagaya baya ya tara tafin hannunsa a bakin salansa, ya duba, ya shinshina. Hannun ya jiƙe, ba maiƙo.

"Alhaji, wannan ba hayaƙi ba ne, ruwa ne," in ji shi. "Da baƙin mai take ci, da ka ga shuɗi-shuɗi. Da kafireto ne ya yi yawa, da baƙi za ka gani. Ta taɓa yin zafi a hanya?"

Mahaifina ya ce fambel ya tsinke masa a hanyar Zariya kwanakin baya, ya lallaɓa da ita har ya kai gari.

"To, a nan ta ji ciwon."

Duk da haka bai tsaya a nan ba. Ya leƙa kwalbar man birki, domin a cewarsa in masta ta lalace, inji na iya zuƙe man ta bututun iskar birki, shi ma farin hayaƙi yake bayarwa. Man yana nan cif. Ya bar injin a silo, ya riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ya zare sai injin ya ƙara raunana, ban da ta uku, wadda da ita da babu duk ɗaya. Da aka kwance fulogin, sauran ukun sun yi duhu irin na aiki, na ukun kuwa fes, tururi ya wanke shi. Sandar awon baƙin mai ta fito da launi kamar shayin da aka cika wa madara. Da injin ya huce sarai, ya buɗe lagireto ya sa aka tayar, sai ga kumfa tana tasowa ba ƙaƙƙautawa.

Sannan ya juyo gare ni, don ya ga ina ta zura ido. "Ɗana, kan injin nan alminiyam ne, gangar jikinsa baƙin ƙarfe. In zafi ya yi yawa ba sa buɗewa daidai, sai kan ya lanƙwashe, gasket ya ƙone. Ruwa ya sami hanyar shiga silinda, wuta ta kasa kamawa. Shi ne misin ɗin da kuke ji."

Wajen kwancewa ma ya nuna gwaninta. Injin 504 silib ɗinsa a cikin ruwa suke zaune, in aka ɗaga kan inji aka juya injin ba a danne su ba, sai su motsa, hatimin ƙasansu ya lalace, ƙaramin aiki ya zama babba. Ya danne su, ya hana yaransa taɓa komai. Aka kai kan injin Panteka aka share fuskarsa ta daidaita, aka sayo gasket, ya ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa gefe, ya ce a dawo a sake ɗaurewa bayan kamar kilomita 1,000. Ya kuma yi faɗa kan ruwan rijiya da ake ɗura wa lagireto yana cin ƙarfe da tsatsa. Ringin da aka ce ya mutu ba a taɓa shi ba, motar ta ci gaba da kai mu Zariya da Kano shekaru.

Abin da ke damuna yau, na sha ganin masu tsofaffin motoci a Mando da Kawo an sa su sauke inji mai lafiya kan kuɗin da ya fi ƙarfinsu. Mai karatu, in motarka na farin hayaƙi bayan ta yi zafi, ruwan lagireto kuma na raguwa, ka daina hawanta, kuma kada ka yarda a sauke inji sai an kwance fulogi an nuna maka su da idonka.